Jan Tantanin Fitilar Baba

Har yau idan na ga jar fata a hannun baduku sai in ɗauke kai, alhali da rina fata na ci abinci shekara da shekaru. Jikokina suna tsammanin rikicin tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Wata fitila ce da na yi wa babana a shekarun da Turawa suka fara zama a ƙasar nan, kuma ban taɓa ba da labarinta daga farko har ƙarshe ba sai yanzu.

Ƙauyenmu ƙarami ne, arewa da Jibiya, a cikin kwari, gawo da tsamiya sun tare mana gabas. Babana manomi ne kamar kowa, sai dai yana da wani aiki guda da ya gada daga nasa uban, shi ke duba Kaza. Kowa ya san Kaza da 'ya'yanta, ƙananan taurarin nan da ke cure wuri guda, ko yaro zai nuna maka su a tsakiyar sama lokacin sanyi. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne bin sawunta. Idan bazara ta yi nisa sai ta riƙa gangarawa yamma, har wata rana a neme ta bayan magariba a rasa. Daga nan takan yi kwana arba'in ko kusa da haka a ɓoye, sannan ta ɓullo ta gabas gab da asuba. A wajenmu, duk ruwan da ya sauka tana ɓoye ba a amince masa. Yakan jiƙa ƙasa, iri ya tsiro, sannan ya ɗauke ya bar tsiron da rana. Sai Kaza ta fito ake shuka da kwanciyar hankali, kuma ba wanda zai ce ta fito in ba Baba ba.

Akwai wani dutse bayan gari, daga kansa ana ganin gabas fetal har inda sama ta haɗu da ƙasa. Ranar da Kaza ta ɓace a yamma, Baba yakan fara jefa tsakuwa ɗaya kullum a wata 'yar gora. Idan tsakuwa ta kusa arba'in sai ya fara hawan dutsen kafin asuba. Tsakuwar ita ke gaya masa lokacin fara dubawa, amma ba ya sanar da gari sai ya gani da idonsa. Wahalar abin ita ce fitowarta ta farko ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Takan bayyana dishi-dishi, kafin mutum ya gama alwala hasken alfijir ya haɗiye ta. Wanda ya dubi harshen wuta a hanya, idonsa yakan mutu na ɗan lokaci, ya ɗaga kai ya ga sama baƙi ƙirin, kafin idon ya farfaɗo Kaza ta tafi sai gobe. Shi ya sa Baba ba ya hawa da fitila. Yakan ɗauki itacen da bakinsa ya zama garwashi, yana kaɗa shi a gabansa, domin jan garwashi ba ya kashe ido.

Wannan dabara ta yi masa amfani yana da ƙarfinsa. Da girma ya zo, garwashin ya daina nuna masa hanya, ga shi bazara lokacin kububuwa ne, ita kuwa tsakanin duwatsu take kwanciya.

Shekarun baya kaɗan wasu Turawa masu auna ƙasa sun sauka a kan dutsen nan da rumfunansu. An sa Baba ya nuna musu hanyar ruwa, ya kwana biyu a wajensu. Da ya dawo mutane suka taru su ji labarin bindigogi, shi kuwa ba abin da ya dame shi sai abu biyu. Na ɗaya, ashe su ma taurari suke dubawa, ta cikin wani dogon bututu. Na biyu, fitilarsu tana da jan gilashi, suna rubutu a haskenta su ɗaga kai su ci gaba da dubansu. Ya ce ko ba komai mutanen nan sun san abin da kakansa ya sani. Da za su tashi suka kafa wata sandar ƙarfe, wadda muke kira tangaraho, tsakanin gari da dutsen. Aka ce daga yau garinmu na Ingilishi ne, dutsen na Faransi. Da fari dariya aka yi, wasu har suna ɗaure jaki a jikin sandar. Amma da masu gadi suka fara tsare duk wanda suka gani da wuta cikin dare a wancan gefen, dariya ta ƙare. Dattawan da ke raka Baba su yi masa shaida suka janye ɗaya bayan ɗaya, wannan ƙafa, wancan tari. Ya zama shi kaɗai yake hawa.

A wannan hali na dawo gida zawarci. Mijina na fari baduku ne a Jibiya, ya rasu ba mu da ɗa a raye. Innata ta riga shi, saboda haka gidan ya zama daga ni sai Baba. Ni ce mai sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. A gidan miji na koyi rina fata, har na fi wasu maza, kuma ban iya ɓoye hakan ba. Zuciyata kusa take tun ina yarinya. A ce tuwona ya yi ruwa ba zan damu ba, amma a kushe rinina, ranar ba a kwana lafiya.

Da Baba ya roƙe ni in yi masa fitila irin ta Turawan nan, na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na sami babbar gora na yanke gindinta, na huda kanta don hayaƙi, na buɗe mata taga a gefe kamar faɗin tafin hannu. A ciki na zaunar da fitilar ƙasa mai man gyaɗa da lagwanin auduga. Saura abin da zai rufe tagar, kuma a nan ne aikin ya nuna mini ba wasa ba ne.

Na fara da wani guntun jan yadin mulufi da na taho da shi daga Jibiya. Ya yi kauri, haske ba ya wucewa, da ya ji zafi kuma ya cika gida da ƙauri. Na jefar. Sai na tuna da tantani, fatar akuya da ake kankarewa har ta yi sirara kamar wadda ake ɗaura wa kalangu. Na kankare guda na shafa mata lalle. Da rana ta yi kyau ƙwarai, amma da na kunna fitila sai hasken ya fito ruwan ɗorawa, ba shi da maraba da harshen wuta. Na gwada ruwan goro, ya fito kamar ruwan kududdufi. Daga ƙarshe na koma ga abin da ya kamata in fara da shi, karan dafi, jan ɓawon nan na wata irin dawa da dukawa ke rini da shi. Na daka shi, na jiƙa da ruwan toka, na tsoma tantanin, na shanya a inuwa, na goge shi da ɗan mai don haske ya samu hanya.

Ban kai wa Baba ba sai da na gwada da idona. Bayan isha'i na zauna tsakar gida na zura wa fitilar ido ba marufi, na ɗaga kai. Manyan taurari kaɗai na gani, ƙananan duk sun gudu, sai da na daɗe suka dawo. Na ɗaura jan tantanin na sake zura mata ido, na ɗaga kai. Ba tauraron da ya motsa daga wurinsa. Ga Kaza can yamma da 'ya'yanta, ina ƙirga su. Na ajiye fitilar a ƙasa kuma na ga tururuwa tana tafiya. Daren nan na kwanta ina jin ba wanda ya kai ni a ƙasar Katsina.

Washegari Baba ya gwada. Ya dubi fitilar, ya dubi sama, ya daɗe. Sannan ya ce aikin ya yi kyau, amma hasken ya ɗan yi yawa, yana kashe masa ido. Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Na yi tantani na biyu, na tsoma shi sau biyu. Ya ce da sauƙi, amma da saura. Na yi na uku, na ƙara kanwa har jan ya koma kamar hantar rago. Ya ce ƙananan 'ya'yan ba sa fito masa. Nan kaina ya ɗau zafi. Na ce masa ni fa ba Baturiya ba ce, in gilashi yake so ya bi su inda suka tafi ya roƙo. Na ce dukawan Jibiya ma ba su taɓa mayar mini da aiki sau uku ba. Ya sa hannu ya shafa gorar yana laluben tagar, ni kuwa fushi bai bar ni na lura da laluben ba. Na yi na huɗu don haushi, na haɗa tantani biyu na ɗinke. Wannan kam da ƙyar mutum ke ganin ƙafarsa. Shi ne ya karɓa ya ce ya yi.

Cikin kwanakin nan ne ya ce Kaza ta ɓace, ya jefa tsakuwar farko. Bayan kamar mako guda ina dawowa daga rijiya da magariba, na hango wani ɗan curin haske ƙasa-ƙasa a yamma. Na tsaya da tulu a kai na ce kamar ita. Sai na yi wa kaina dariya. Mutumin da ya shekara arba'in yana bin ta ya ce ta tafi, ni mai rina fata zan ce tana nan? Na wuce gida ban faɗa wa kowa ba.

Shekarar da ta gabata damina ba ta yi kyau ba. Rumbuna sun ƙare tun kafin zafi ya shigo sosai, muna cin tafasa da dusa da 'ya'yan goriba. Abin da kowane gida ya rage shi ne irin gero na shuka ɗaya tak, ba na biyu. Namu yana cikin gora, an liƙe bakinta da laka, rataye a ɗakin Baba. Ina da ƙawa a maƙwabta, tare muka tashi, tare muka yi tallan fura muna yara. 'Ya'yanta uku, ƙaramin yana goye. Wata rana da rana tsaka ta shigo da gorar irinsu a ƙarƙashin zane, ta durƙusa ta ajiye gaban Baba. Ta ce daren jiya yaran sun yi ta kuka, har ta ɗora tukunya ta ɗauko gorar, Allah ya sa mijinta ya farka. Ta roƙi Baba ya riƙe mata, ko ta zo tana birgima kada ya ba ta sai ranar da ya ga Kaza. Baba ya rataye gorar kusa da tamu. Tun daga ranar, duk lokacin da na shiga share ɗakin sai na ga gora biyu suna kallona.

Ruwa ya sauka sau biyu tana ɓoye, na biyun har ya cika ƙananan ramuka. Ƙasa ta yi ƙamshi, mutane suka kasa zaune. Kullum da safe sai an sami masu tsayawa a ƙofar gidanmu, wai gaisuwa suka zo. Wani ya ce a Riko an yi shuka, wani ya ce a Farfaru ma. Mai gari ya aiko sau uku. Baba ya ce a yi haƙuri, tsakuwa ba ta cika ba. Na ga ramar da ya yi a kwanakin nan, kuma na san ba yunwa kaɗai ba ce.

Da tsakuwa ta kai talatin da takwas ya ce in raka shi in riƙe fitila. Na yi mamaki, don mace ba ta taɓa hawan dutsen nan don wannan aiki ba, amma na ɗauka tsoron masu gadi ne, yana so a ga tsoho da 'yarsa, ba a ga namiji shi kaɗai ba. Muka fita gari na barci, muka wuce tangaraho, muka hau. Ranar farko gajimare ya rufe gabas. Ta biyu ma haka. Ta uku sama ta washe tas, ba abin da ya fito. Muka sauko.

Rana ta huɗu sama ta fi ta jiya kyau. Muka zauna a inda yake zama, na juya tagar fitilar zuwa ƙasa. Ina duban inda ya nuna mini, gabas ta ɗan karkata arewa, ba komai sai duhu da manyan taurari biyu uku. Can ƙasa da wurin akwai wani tudu mai nisa. An daɗe ana cewa an tara 'yan aikin hanya a wajen, masu share hanyar da za ta bi zuwa Maraɗi, amma a ranakun baya ba mu ga alamarsu ba. Da alama a daren suka matso da zangonsu. Ina kallo aka hura wuta ɗaya a kan tudun, sai ta biyu, sai ta uku, har suka kai shida ko bakwai, ƙanana, kusa da juna. Masu dafa musu abin kari ne suka tashi. Ban ma ɗauke shi wani abu ba.

Sai na ji Baba ya miƙe tsaye. Ya ɗaga hannu ya nuna tudun.

"Alhamdu lillahi. Ga ta can, Uwata. Ta hito da ɗiyanta."

Na dubi yatsansa, na dubi wutar, na dubi fuskarsa a ɗan jan hasken. Idanunsa suna buɗe, da wani fari-fari a tsakiyarsu wanda na sha gani na ce tsufa ne. A nan take na gane komai. Na gane me ya sa tantani uku ba su yi masa ba. Na gane abin da na hango daga rijiya Kaza ce, idonsa ne ya rasa ta tun ba ta tafi ba, shi ya sa tsakuwarsa ta cika kafin lokaci. Na gane me ya sa ya ce in raka shi.

"Kin gan ta?" ya ce.

Da na ce a'a, da labarin nan bai kai a rubuta ba. Kalma ɗaya ce, kuma ni ba mai tsoron magana ba ce, ni da na ce masa ya bi Turawa ya roƙo gilashi. Amma wancan faɗa ne a kan aikina. Wannan kuwa in dubi ubana in ce masa ya makance, in ce abin da ya gada daga ubansa ya ƙare, a daidai lokacin da yake murmushin da na yi wata uku ban gani ba. Na ce, "Ina ganin haske, Baba." Ban yi ƙarya ba, kuma ban faɗi gaskiya ba, na san hakan tun a lokacin.

Na ce a raina zan gaya masa a hanya. Muna saukowa ya dafa kafaɗata, yana ba ni labarin yadda ubansa ya fara nuna masa ita yana ɗan shekara goma. Na ce a raina bari sai mun kai tangaraho. Muka wuce tangaraho yana lissafa gonakin da za a fara. Na ce in mun shiga gida, a ɗaki, inda ba kunnen kowa. Ashe ba za mu kai gida ba. Masallaci yana bakin gari, maza suna alwala a waje, suka hango jar fitila suka miƙe. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ta hito. A shuka." Aka yi ta hamdala. Ni mace ce, bazawara, tsaye a gefen masallaci da fitila a hannu. Na sunkuyar da kai na wuce gida.

Da la'asar ranar hadari ya haɗo, aka yi ruwa mai kyau. Na ce wa kaina Allah ya rufa mana asiri, ko Kaza ba ta fito ba ai ruwa ya zauna. Da safe ƙawata ta zo, Baba ya ce in sauko mata da gorarta. Da hannuna na miƙa mata. Ta rungume ta tana dariya tana cewa ta ci jarrabawa. Nan ma da na yi magana da an tsira da gora ɗaya. Ban yi ba. Kafin rana ta faɗi gari duka ya zuba irinsa a ƙasa, har da namu.

Gero ya tsiro a kwana na uku, gonaki suka yi kore shar. Daga nan sama ta bushe. Iska ta taso mai zafi tana kwaso yashi tana binne tsiron. Ni kuwa barci ya ƙaurace mini. Na cire baƙin tantanin nan na mayar da na farko, kullum kafin asuba in sulale in hau dutsen ni kaɗai, ban damu da mai gadi ko maciji ba. A kwana na goma na gan ta. Sama da tudun nan take, fara, dishi-dishi, 'ya'yanta a manne da ita, ba ta yi kama da wuta ba ko kaɗan. Na zauna na yi kuka har gari ya waye. A hanyar dawowa na bi ta gonarmu, na taɓa tsiro ya murmushe a hannuna.

Bayan kwana uku ruwa ya dawo, kuma bai sake ɗaukewa ba. Damina ce irin wadda ake roƙo, sai dai ta tarar da gonaki ba komai. Masu dangi a garin Kusa suka samo ɗan irin da bai taka kara ya karya ba, wasu suka shuka wake. Ciyawa ta yi tsawo a inda gero ya kamata ya tsaya. Ban taɓa ƙin ƙarar ruwan sama ba sai a shekarar nan.

Ba wanda ya zagi Baba. Mutane suka ce tun da Turawa suka kafa ƙarfe a ƙasa taurari ma sun rikice, kuma wannan magana ta yi wa kowa daɗi, don ta ba su wanda za su ji haushi. Ƙawata da mijinta ba su da kowa a wannan gefen, suka yanke shawarar su haura arewa wajen danginsa bayan Maraɗi. Ta zo sallama da yaron a baya, wuyansa ya yi siriri. Ta durƙusa ta yi wa Baba godiyar riƙon amana, ta ce abin daga Allah ne. Sannan ta miƙo mini gorar irin, ba komai a ciki, ta ce kaya sun yi mata yawa, in ajiye mata sai ta dawo. Na raka ta har tangaraho. Ina so in faɗa mata, na ga ba abin da faɗin zai mayar mata. Bayan wata biyu wani mai jakai ya kawo labari cewa sun isa, amma ban da na goyen.

Baba ya daina fita ko ƙofar gida. Wani yammaci ana yayyafi, ina tsince tafasa a bakin ɗakinsa, ya kira ni. Yana zaune da gorar tsakuwarsa a cinya.

"Uwata, ran nan bisa dutse, mi na gani?"

Na ajiye faifan. "Wutar 'yan aikin hanya ce, Baba."

"Ke kin san wuta ce?"

"Na sani."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. Da ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu, da na ji sauƙi. Ya daɗe yana juya gorar, tsakuwa tana ƙara.

"Tun rani na san idona shina tahiya," ya ce. "Tantaninki na hwarko ba shi da laihi. Ko guda cikinsu ba shi da laihi. Kunya na ji in hwaɗa miki, sai na ɗora ma hitila."

Na tuna dararen da na yi ina kankare fata ina ƙunƙuni, ina zaton gwanintata ake rainawa, ashe tsoho ne yake neman wanda zai tambaye shi lafiyar idonsa. Da na tambaya sau ɗaya, da ya faɗa. Shi ya ji kunyar 'yarsa, ni na ji kunyar ubana, gari guda ya rasa shuka a tsakaninmu.

Ya miƙo mini gorar tsakuwar. Ya ce baɗi ni zan duba yamma in ce ta ɓace, ni zan jefa tsakuwa, ni zan duba gabas. Ya ce abu ɗaya yake roƙona, ko me na gani in faɗe shi yadda yake, ko da shi ne a gabana.

Shekara huɗu muka yi haka kafin ya rasu. Ina riƙe da fitila mai tantanin farko, yana dafe da kafaɗata, in na gani in ce ta fito, shi kuma ya sanar a bakin masallaci. Gari bai taɓa sanin idon wa ke aikin ba, kuma ba mu sake kuskure ba. Bayan rasuwarsa na yi wani auren, na haifi 'ya'ya, fitilar ta fashe a wata ƙaura da muka yi, ban kuwa sake yin wata ba.

Gorar ƙawata kam tana nan rataye a ɗakina. Sau biyu jikokina suka so su yi ludayi da ita, na hana su. Na ce musu ba tawa ba ce, ajiya aka ba ni.